Agogon Aro

A majalisarmu ta Unguwa Uku ba a tambayar dattijo shekarunsa. Sai dai a ce masa, "Kai yanzu kana wace tasha?" Layin Nguru ake nufi. Mai sittin yana Ringim, mai saba'in ya iso Gagarawa, wanda ya haura tamanin kuwa ya wuce Malam Madori, ba sai an faɗa masa abin da ke gaba ba, tunda kowa ya san a Nguru ƙarfen ya ƙare tun 1930, har yau ba a ƙara masa ko taku ɗaya ba. Ni da nake da hamsin da 'yan kai, cewa suke yi ko fita daga Kano ban yi ba tukuna.

Wurin zaman ƙofar shagon wani tela ne, gindin darbejiya, a wani lungu da ke bayan tashar mota. Daga la'asar zuwa magariba ake zama. Abin dariya ne a ga masoya jirgin ƙasa sun rasa inda za su kafa majalisa sai inda 'yan kamasho ke ihun "Kaduna! Abuja! Saura mutum ɗaya!" amma nan Allah ya ajiye su. Ba zan kama suna ba, don a can ma ba a kiran kowa da sunansa, sai da aikinsa. Akwai Tashamasta, wanda ya riƙe ƙananan tashoshin layin Nguru shekara da shekaru. Akwai Mai Tuta, wanda ya ƙare aikinsa a taragon ƙarshe, da koriyar tuta da ja da usur a wuya. Sai Alhaji Tela, wanda bai taɓa cin ko kwabon reluwe ba, amma ya fi su duka haukan jirgi: tun yana yaro yake ƙera taragai da gwangwanin madara, kuma yana da wani littafi mai baƙin bango da ya cika da lambobin kawunan jirgi da ranar da ya ga kowanne. Ni kuma gado ne ya kai ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, helman masu gyaran layi ne tsakanin Challawa da Madobi. Na je yi wa abokansa ban gajiyar zaman makoki, aka ce in zauna in sha shayi, yau shekara tara ke nan ban tashi ba.

Wanda ya zo wucewa zai ɗauka zancen jirgi kawai ake yi. Rabinsa zancen jiki ne. Idan Tashamasta ya ce tukunya ta ɗau zafi, jininsa ne ya hau. Idan Mai Tuta ya ce likita ya ɗaga masa jar tuta, an sake hana shi wani abinci ke nan saboda ciwon suga. Wanda aka kwantar a asibitin Malam Aminu Kano, nan kusa da mu a Gyaɗi-Gyaɗi, ya shiga loko, wato rumfar da ake kai kan jirgi gyara. Dattijon Bahaushe ba ya son cewa yana jin tsoro, ba ya ma son cewa ba shi da lafiya; in ka tambaye shi, "da sauƙi" zai ce ko da yana kan gargara. Amma in ka bar shi ya mai da kansa inji, sai ya faɗa maka komai, har da adadin tashin da yake yi fitsari da dare.

Na biyar ɗinmu Direba ne. Da ya bar aiki sai ya koma gidansa a Sabon Garin Zariya, amma duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan bugo waya, Tela ya buɗe murya kowa ya ji, a yi gardama ta minti ashirin a rabu. Wata Juma'a wayar ba ta zo ba. Ranar Asabar 'yarsa ta kira: ya faɗi yana alwalar asuba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, yana asibitin Shika. Ya yi kwana goma sha biyu aka sallame shi. Mu kuwa sai da muka yi sati shida ba mu je ba, don an yi wa Tashamasta aikin yanar ido a idon hagu, an ce kada ƙura ta shiga, ga shi kuma hunturu ya kankama. Da likita ya yarda, Tela ya kawo shawara: tunda za a je Zariya, me zai hana a ƙarasa Kaduna a hau sabon jirgin nan na Rigasa? Sai a lokacin kowa ya amsa abin da yake ɓoyewa. Duk surutun da suke yi a kan jirgin, babu wanda ya taɓa hawansa.

Da ana samun jirgi daga Kano da ba mu bi ta tashar mota ba. Jirgin Legas da aka farfaɗo da shi a Disamban 2012, mai cin kilomita 1,126 cikin awa talatin ko fiye, Tela ya sha hawansa zuwa Zariya don nishaɗi kawai, ya dawo a mota. A lokacin tafiyarmu ba ya zuwa. Don haka da sassafen Talata muka yi abin da muke kushewa kullum: muka tsaya gaban ɗan kamasho muna ciniki. An biya wa Tela kujerar gaba duka saboda gwiwoyinsa. Ni aka rataya wa jakar magunguna, leda uku kowace da alamarta, da na'urar awon jini, da ƙullin dabino da matar Mai Tuta ta damƙa mini tana cewa, "Malam, in ka ga yana gumi yana magana ba kan gado, ka ba shi uku, kada ka saurari gardamarsa."

Ba mu wuce Na'ibawa ba aka ɗauko tsohuwar gardama. Tashamasta ya ce a 1911 jirgi ya zo Kano, Mai Tuta ya ce 1912. Shekara tara ina jin wannan musu, kuma dukansu sun san kowa na da gaskiya: ƙarfen ya iso Kano a 1911, daga Baro da ke bakin kogin Neja inda aka fara aikin a zamanin Gwamna Girouard, sannan aka buɗe wa fasinja da kaya a 1912. Ba don a rabe gaskiya suke yi ba, don a ji muryar juna ne. Wani saurayi da ke bayanmu ya cire abin kunnensa ya tambaya me jirgin ke ɗauka a wancan zamani. Nan fa ya taɓo Tashamasta. Ya ba shi labarin yadda Turawa suka shimfiɗa layin da tsammanin auduga za su riƙa kwasa zuwa masaƙun Ingila, manoman Kano suka duba farashi suka ga gyaɗa ta fi, ga shi kuma in ciniki ya ƙi ana iya ci, suka juya gonakinsu. Yadda su Alhassan Ɗantata suka riƙa tara buhuna ana jera su dala-dala a bakin layi suna jiran tarago. Mun wuce shinkafar Kura yana kan bayani. Saurayin ya mayar da abin kunnensa a hankali, cikin ladabi.

A Kwanar Ɗangora Mai Tuta ya roƙi direban motar ya tsaya. Karo na biyu ke nan. Wani fasinja ya fara ƙunƙuni, direban ya ce, "Ku yi haƙuri da Baba, kowa zai je inda ya je." Mai Tuta ya dawo yana gyara mazugi, ya ce a jirgi babu mai roƙon kowa, ka tashi ka je bayan gida ka dawo, tafiya ba ta tsaya ba. A ganina wannan ce hujja mafi ƙarfi da na taɓa ji a kan jirgin ƙasa, kuma ban taɓa jin wani minista ya kawo ta ba.

Mun sauka Kwangila kafin azahar, muka ɗauki a-daidaita-sahu zuwa Sabon Gari. Unguwar kanta 'yar jirgi ce, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da suka biyo layi ne suka kafa ta. Gidan Direba na tsohon gini ne, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Mun same shi a kan kujerar roba a inda rana ke faɗowa, an rufe masa ƙafafu da bargo, hannun dama na kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba, an saka masa ƙwallon roba a ciki. Mutumin da muryarsa ke cika waya. Bakinsa ya ɗan karkace. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu. Ya jiki?" Ya motsa leɓe, abin da ya fito bai zama kalma ba, amma mun san "da sauƙi" ne. Tashamasta ya kama hannunsa na hagu ya riƙe ya ce, "Mutumina, Allah ya sa kaffara ne." Muka ce amin. Daga nan kowa ya rasa ta cewa.

Hajiya, uwargidansa, ita ta cike shirun daga bakin ƙofar ɗaki. Ta ce wata uku kafin faɗuwar ya daina shan maganin hawan jini. Kuɗin maganin ya tashi, shi kuma ya ce ba ya jin komai a jikinsa, don me zai riƙa zubar da kuɗi. Yanzu ana kai shi gashi sau biyu a sati, an cire masa gishiri da ɗanɗano a miya, ƙafar ta fara ɗaukarsa in an riƙe shi, magana ce dai ta ƙi. Tashamasta bai iya haƙuri ba. Ya juya ga maras lafiya ya ce, "Haba Direba! Kai da ka fara aiki kana zuba kwal ɗin Inugu a wuta, ka taɓa jiran tukunya ta yi ƙara kafin ka dubi allurar awo? Ai ranar da ka ji ta, ta riga ta fashe." Na so in taɓa shi ya yi shiru, amma na ga Direba yana gyaɗa kai. Hawan jini haka yake, ba ya sallama. Kuma na lura Tashamasta da kansa yake yi wa faɗan, don ni ke riƙe da ledarsa, na san ƙwayoyin da ke ciki sun fi yadda ya kamata a ce sun rage.

Tela ne ya san dabara. Ya zaro littafinsa, ya gyara tabarau, ya ce bari ya tuna wa kansa reshen da ya tashi daga nan Zariya ya nufi arewa maso yamma, wanda ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Ya fara karantawa da ƙarfi: "Zariya, sai Gusau, sai Funtuwa..." Hannun hagun Direba ya ɗaga sama. Fuskarsa ta tamke kamar mai ɗaga buhu. Muka yi tsit. Can sai ga ta ta fito, a karkace amma cikakkiya: "Fun-tu-wa." Ya huta, ya sake yunƙurawa: "Gusau." Tela ya ce, "Af, haka ne, tsufa ya kama ni," ya sake yin wani kuskuren da gangan, ya ɗora Kafancan a kan layin Legas. Direba ya buga hannun kujera. Haka aka yi ta yi kusan rabin awa, Tela na ɓata layi, Direba na gyarawa, har ya yi gumi. Hajiya ta shige ɗaki, muka ji tana fyace hanci. Daga baya 'yar ta gaya mana tun da ya faɗi bai yi magana mai yawan ta ranar ba, har a wurin masu gashi.

Da ya ji Rigasa za mu, sai ya yi wa 'yar nuni da akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Ta fito da agogon aljihu mai sarƙa, bayansa ya goge saboda shafa. Ya nuna agogon, ya nuna Mai Tuta, ya yi alamar wucewar abu da yatsa, sau biyu. Su sun gane nan take, ni sai da aka yi mini bayani. A gefen layi akwai alamun nisa da aka kakkafa. Ka duba daƙiƙa nawa jirgi ya ci daga wata alama zuwa ta gaba, ka raba 3,600 da adadin, abin da ya fito shi ne gudun jirgin a awa. A zamaninsu da mil ake yi, yanzu da kilomita. Direba ba ya son abin da aka faɗa a rediyo. So yake a auno masa.

Kafin mu bar gari mun leƙa tsohuwar tasha. Awaki na kiwo tsakanin kwangiri, wasu tsofaffin taragai sun yi tsatsa a gefe. Tashamasta ya nuna mana wajen da ƙaramin layin Jos yake fita a da, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda ya yi jigilar kuza har aka rufe shi a 1957. Tela ya tsaya yana gwada lambar wani tarago da littafinsa. Ban tambaye shi ko ya samu ba, iska ta yi yawa, kuma idon Tashamasta ya fara ruwa.

A Kaduna gidan 'yar Mai Tuta muka kwana, a Tudun Wada. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta da wasa. Kafin a kawo tuwo ta jera su ta auna. Na Tashamasta ya nuna 170 bisa 100. Ta dube shi ta ce, "Baba, me ka ci a hanya?" Ya ce ba komai. Tela ya ce ban da tsiren Kwangila mai yaji da gishiri, tsinke huɗu, da ya ɓuya bayan mota ya ci. Ta tsaya a kansa har ya haɗiye ƙwayarsa. Ɗanta ne ya saya mana tikiti ta waya, da lambar katin ɗan ƙasa ta kowa. Mai Tuta ya karɓi wayar ya juya ta gaba da baya, ya tambayi jikan nasa ta ina ake huda ta.

Tashar Rigasa sabuwa ce, a watan Yulin 2016 aka buɗe layin, kilomita 186 zuwa Idu. An caje mu a ƙofa, jakar magunguna ta sha tambaya. Da muka fito bakin layi, dattawan nan uku suka tsaya cak suna kallon ƙasa, ba jirgin ba. Faɗin suke kallo. Tsohon layin da suka yi wa bauta milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wannan kuwa 1,435. Ma'ana duk kan jirgin da Direba ya taɓa tuƙawa, duk taragon da Mai Tuta ya taɓa kwana a ciki, babu wanda zai iya taka wannan hanya. Tashamasta ya ce, "Ashe ba mu kaɗai aka yi wa ritaya ba." Layin Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021, da na Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina, duk a wannan sabon faɗin suke.

Cikin taragon tsaf, kujeru masu laushi, sanyin na'ura har ya yi wa gwiwoyin Tela yawa sai da na lulluɓa masa rawanina. Babu girgizar nan da ke kaɗa hanji. Amma taga ba ta buɗuwa, kuma wannan ya dame ni fiye da yadda na zata. Ina yaro mahaifina ya taɓa kai mu Minna a tsohon jirgi. Abin da na riƙe daga tafiyar duk ta taga ya shigo: 'yan talla suna bin tarago da gudu da faranti a ka, rake, dafaffen ƙwai, soyayyen kifi, a miƙa kuɗi ta sama a cafe canji jirgi na tafiya. Kowace ƙaramar tasha kasuwa ce, ƙauye guda na cin abinci daga tsayawar minti biyar. Sabon jirgin ya fi sauri, ya fi tsabta, ba zan yi musu ba, kuma mai ciwon baya zai gode masa. Sai dai ƙauyukan da muka ratsa ta bayan gilashi muka gan su, su ma haka suka gan mu.

Da muka doshi Rijana hira ta mutu a taragon gaba ɗaya. A wannan yanki ne 'yan bindiga suka tare jirgin a daren 28 ga Maris 2022, suka kashe mutane, suka tafi da wasu da dama daji, na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba, jirgin kuma bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. Babu wanda ya ambaci abin. Wata mata a gabanmu ta fito da carbi. Mai Tuta ya cire hularsa ya mayar.

Bayan Jere aka fara aikin Direba. Tashamasta ya manna sabon idonsa a gilashi, ya rufe ɗayan da tafin hannu. Mai Tuta ya buɗe murfin agogo. "Yanzu!" in ji Tashamasta. Muka riƙe numfashi. "Yanzu!" Daƙiƙa 45. Na buga a waya, kilomita 80 a awa. Aka sake, 44. Aka sake, 47. Tashamasta ya juyo yana dariya kamar yaro, ba don gudun ba: ya ce lambar da ke jikin alamar ma ya karanta, shi da wata uku baya ba ya gane fuskar mai shayi sai ya yi magana. Ya ce bayan salla zai koma a yi masa na daman, tsoron wuƙar ya fita.

A awo na huɗu ne na ga agogon na rawa a hannun Mai Tuta. Goshinsa ya jiƙe cikin wannan sanyi, ya fara kiran Tela da sunan ƙanensa da ya rasu. Ashe ya sha maganin suga da asuba, ɗokin jirgi ya hana shi karyawa, kunun da 'yarsa ta dama ya bar shi a kan tebur. Na tura masa dabino uku, ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Matar nan mai carbi ta juyo ta miƙo lemon kwalba ta ce, "Baba, don Allah sha." Kunyarta ya ji ya sha. Kafin Kubwa ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara tambaya shi ne ko an rubuta na huɗun.

A Kubwa muka sauka. Muka yi salla, muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, muka jira jirgin yamma muka juyo. Babu wanda ya nemi ganin Abuja.

Ranar Alhamis muka sake tsayawa Sabon Gari. Mun tarar an dawo da Direba daga gashi, ya gaji, amma da ya gan mu ya gyara zama. Tela ya buɗe littafi ya karanta masa: 45, 44, 47. Ya lumshe ido, leɓensa na motsi, yana rabawa a ka. Ya buɗe ido ya gyaɗa kai, alamar ba laifi. Mai Tuta ya miƙa masa agogonsa da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya yunƙura, ya yunƙura, sannan ya ce, "Tarago... nawa?"

Muka dubi juna. Tela ya rubuta lambar kan jirgin, ya rubuta lokacin tashi da na isa, amma hawan matakala da gwiwa ya ɗauke masa hankali. Tashamasta ya ce tara ne, Mai Tuta ya ce ya fi haka. Tsakaninsu shekarun kallon jirgi sun haura ɗari da hamsin, kuma babu wanda ya ƙirga. Direba ya kalle su ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai, ya sa hannun hagu ya ture agogon ya koma wajen Mai Tuta.

Agogon yana nan rataye a ƙusa a shagon Tela, saman keken ɗinki. Tela ke ba shi wani kowace safiya kafin ya zare allura. Juma'ar da ta wuce 'yar ta bugo waya bayan masallaci, ta kara wa mahaifinta a kunne, aka buɗe murya. Ya ce ya taka daga kujera zuwa gindin mangwaro da sanda. Sai da ya maimaita sau uku muka gane. Sannan ya tambayi yaushe, Tashamasta ya ce sai an yi masa ɗaya idon.